TARIHIN CURTIS GATES LLOYD, ATTAJIRIN DA YA BI SAWUN ƊOYI

Jama'a masu karatu, idan aka ce za a ba da tarihin wani shahararren mutum, yawancinmu hankalinmu yakan koma ne ga sarakuna da mayaƙa, ko kuwa ga waɗanda suka ƙago jirgin sama da wayar tarho. To, ni yau ba can na nufa ba. Mutumin da zan ba ku labarinsa bai ci gari da yaƙi ba, bai kuma ƙera wata na'ura ba. Ba'amurke ne mai sana'ar haɗa magunguna, wanda ya sami dukiya daidai gwargwado, amma ya ƙarar da kusan shekara 40 na rayuwarsa, da kuɗi masu yawa, wajen tara naman kaza da danginsa. A cikin abubuwan da ya tara har da wani iri wanda in ɗayanmu ya ci karo da shi a hanya, sai ya toshe hanci ya ratse. Sunan mutumin nan Curtis Gates Lloyd. Amma kafin mu shiga tarihinsa, ya kamata mu san wannan abu mai ɗoyi tukuna, gama in ba mu san shi ba, ba za mu gane irin wahalar da mutumin ya sha ba.

Ƙaho Mai Ɗoyi

Duk wanda ya taɓa zuwa gona da damina ya san laimar kwaɗi. Masana sun ce ita da naman kaza, da fumfunar da kan fito a jikin tuwon da ya kwana biyu, duk 'yan gida ɗaya ne. Ba su da ganye, ba su da fure. Yawancinsu daga ruɓaɓɓen itace da ganyaye suke ci. Abin da muke gani ya ɓullo bisa ƙasa 'ya'yan ne kurum, ainihin jikin kuwa wasu fararen zarurruka ne sirara da ke yaɗuwa a ɓoye. Irinsu wasu ƙwayoyi ne ƙanana ƙwarai, ido ba ya ganin guda sai da madubin likita, kuma galibi iska ce ke kwashe su ta watsa.

To, akwai wani dangi a cikinsu da bai dogara ga iska ba. Turawan Ingila suna kiransa stinkhorn, watau ƙaho mai ɗoyi. Da farko yakan fito kamar ƙwan kaza, fari, rabinsa a binne cikin ƙasa, cikinsa da yauƙi. In lokacinsa ya yi sai ƙwan ya fashe, wani farin kara mai ramuka kamar soso ya miƙe, cikin 'yan sa'o'i kaɗan ya kai tsawon taƙi guda. A kansa akwai wani ruwa mai kauri, kore-kore mai duhu, wanda ke ɗoyi kamar mushe. Cikin ruwan nan irin yake. Ƙudaje su ji ɗoyin su taru, su lashe ruwan, su tashi da irin a ƙafafunsu da cikinsu, su kai shi wani wuri. Hausawa sun ce abincin wani gubar wani. Da ƙudaje sun gama, karan ya langaɓe, kafin 'yan kwanaki ya ruɓe ba ko alamarsa.

Tun shekarar 1564 wani likita ɗan ƙasar Holan, Hadrianus Junius, ya rubuta ɗan littafi a kan wani irinsa. A 1753 kuma babban masanin nan na Suwidin, Linnaeus, ya raɗa wa na Turai suna da Latinanci, Phallus impudicus, kalmar ƙarshen tana nufin marar kunya, saboda siffarsa. Amma mafi yawan danginsa a ƙasashe masu zafi suke. Akwai mai kama da kwando, akwai mai kama da tauraro, akwai kuma wanda ke sauko da wata farar raga daga wuyansa kamar amarya ta yi lulluɓi. Shi wannan mai ragar ana samunsa a kurmin Afirka, har da kudancin Nijeriya, da Asiya da Amurka ta Kudu, kuma mutanen Sin suna noma shi suna ci.

Haihuwarsa da Tasowarsa

An haifi Curtis Gates Lloyd ran 17 ga watan Yuli, 1859, a wani ɗan gari da ake kira Florence, cikin jihar Kentucky ta Amurka. Shi ne ƙarami cikin 'ya'ya maza uku na Nelson Marvin Lloyd da matarsa Sophia. Yayyensa su ne John Uri Lloyd da Nelson Ashley Lloyd. Yana yaro iyayensa suka koma garin Crittenden, duk dai a jihar, can ya tashi yana yawo cikin daji yana duba itatuwa da ciyayi.

Bai shiga jami'a ba. Da ya kai kimanin shekara 18 sai ya tafi birnin Cincinnati, a jihar Ohio, ya shiga koyon aiki a kantin magani, kamar yadda wansa John Uri ya yi tun da fari. A zamanin nan yawancin magunguna daga saiwoyi da ɓawon itace da ganyaye ake haɗa su, saboda haka mai wannan sana'a tilas ne ya san tsire-tsire sosai, in ba haka ba sai a sayar masa da guba da sunan magani. Curtis ya ba da himma har ya gwanance. Daga 1884 zuwa 1887 shi da John Uri suka riƙa buga wata mujalla a kan tsire-tsiren magani na Amurka ta Arewa. A 1886 kuma 'yan'uwan nan uku suka haɗu a kamfani guda mai suna Lloyd Brothers. John Uri ke kula da haɗa magani, Nelson Ashley ke riƙe da kuɗi da ciniki, Curtis kuwa shi ne masanin tsirrai. Kamfanin ya bunƙasa, suka yi arziki.

Yadda Ya Juya

A shekarar 1887 Curtis ya sadu da wani malami mai suna Andrew Price Morgan, wanda ya shahara wajen nazarin naman kaza da danginsa a jihar Ohio. Wannan saduwa ita ta juya rayuwarsa. Ya mai da hankali ga wani iri mai kama da ƙwallo, wanda in ya bushe ka taka shi sai ya fesa ƙura kamar hayaƙi. Daga nan ya bi sauran waɗanda masanan lokacin suka haɗa a aji guda da shi, har ya iso ga ƙaho mai ɗoyi. Yayyensa ba su hana shi ba. Suka riƙe kamfani, shi kuwa ya sami sukunin bin abin da ransa ke so.

Da ya duba littattafan da aka rubuta a kan ƙaho mai ɗoyi, sai ya tarar da ruɗani mai yawa. Ga dalilin. Furen itace in ka matse shi tsakanin takardu ya bushe, ko bayan shekara 100 ana iya gane shi. Ƙaho mai ɗoyi kuwa kusan duk jikinsa ruwa ne. In ya bushe sai ya ƙanƙance ya yamutse, launinsa ya gushe. In an jefa shi cikin kwalbar sifirit siffarsa takan tsaya, amma launin ya wanke. Ga shi kuma ba ya jiran kowa, wanda ya gan shi da safe, in ya koma da yamma watakila ya tarar ya faɗi. Matafiyi zai gamu da shi a wani kurmi, ya zana shi da hannu yadda ya iya tunawa, ko ya aika da busasshensa Turai. Can kuma wani masani da bai taɓa ganin abin da ransa ba, sai ya dubi zanen ko busasshen, ya ga ya ɗan saɓa da na cikin littafi, ya ce sabon iri ne, ya raɗa masa sabon suna. Ta haka abu guda ya tashi da sunaye barkatai. Mai ragar nan da na ambata, wanda Ventenat ɗan Faransa ya fara bayyana shi a 1798 daga ƙasar Surinam, an yi ta sake masa suna a ƙasashe daban-daban. To, in ba a daidaita a kan sunan abu ba, yaya za a yi a san ƙasashen da yake fitowa?

Dabararsa

Lloyd ya ga cewa maganin wannan ruɗani abu biyu ne. Na farko, gani ya kori ji. Sai ya ƙudura zai je ya ga ainihin samfurorin da masanan dā suka raɗa wa suna, a inda aka ajiye su. A farkon shekarun 1900 ya kafa wurin aiki a Kew, kusa da Landan, inda babban lambun tsirrai na Ingila yake, ya kuma kafa wani a Faris. Ya zazzaga ma'ajiyar busassun tsirrai na biranen Turai, yana buɗe tsofaffin ƙunshe-ƙunshe, yana gwada wannan da wancan, yana ɗaukar hotonsu. Ya kuma tafi da kansa ƙasashe masu zafi, har tsibiran Samowa da ke tsakiyar tekun Pasifik, don ya ga abubuwan nan da ransu.

Na biyu, ya san hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Mutum guda ba zai iya kasancewa a kowane kurmi ran da ƙwai zai fashe ba. Saboda haka a 1898 ya fara buga wata mujalla da kuɗin aljihunsa, mai suna Mycological Notes, watau bayanai a kan ilmin naman kaza da danginsa. Ya ci gaba da buga ta har 1925, fitowa 75. Yakan aika da ita kyauta ga masu aiko masa da samfur, ya kuma buga sunayensu tare da abin da kowa ya aiko. Nan da nan ƙunshe-ƙunshe suka riƙa zuwa ta gidan waya daga Ostareliya da Japan da Indiya da Birazil da Afirka ta Kudu da sauran wurare. Masu aikowa ba duka ne manyan masana ba. Akwai malaman makaranta da likitoci da ma'aikatan gona da na gandun daji.

Game da ƙaho mai ɗoyi, abin da ya fi nema shi ne hoto na gaske wanda aka ɗauka tun abin yana da rai, tare da bayanin launinsa, da kuma sunan wurin da aka same shi. A ganinsa hoto mai kyau guda ya fi dogon bayani da Latinanci, domin na'urar hoto ba ta ƙara gishiri. Ya kuma amfana da aikin waɗanda suka ga abubuwan nan a mazauninsu, kamar Alfred Möller, Bajamushe, wanda ya buga kyawawan hotunan na Birazil a 1895, da Tom Petch wanda ya yi aiki a tsibirin Silon, da ake kira Sri Lanka yanzu. Sa'an nan ya bi rubuce-rubucen Eduard Fischer na birnin Bern a Siwizalan, wanda shi ne ake ji da shi a wannan fanni a lokacin.

A 1907 ya buga ɗan littafi a kan ƙahoni masu ɗoyi na Ostareliya da maƙwabtanta. A 1909 kuma ya fito da wanda ya fi shahara, Synopsis of the Known Phalloids, inda ya tattara dukan ire-iren da aka sani a duniya. Ya sa hotuna da zane-zane, ya faɗi ƙasashen da aka sami kowanne, ya kuma nuna waɗanda ake shakka a kansu saboda ba wanda ya sake ganinsu tun bayan zanen farko. Daga nan mutumin da ke zaune a Java ko a Birazil ya sami abin da zai gwada da abin da ya tsinta a bayan gidansa.

Wani zai ce, mene ne amfanin rubuta wurin da aka tsinci ruɓaɓɓen abu? Ga misali. Akwai wani iri ja mai hannuwa kamar yatsu, Clathrus archeri, wanda aka fara bayyana shi daga tsibirin Tasmaniya na Ostareliya. Wajen shekarar 1914 sai ga shi ya ɓullo a yankin Vosges na Faransa, daga nan ya bazu cikin Turai. Masana suna kyautata zaton cikin gashin tumaki da ake sayowa, ko cikin kayan soja, ya shigo. Da ba a rubuta mazauninsa na farko ba, da ba wanda zai san baƙo ne. Dangin naman kaza kuwa su ne ke kawo da yawa daga cikin cututtukan amfanin gona, kuma ta irin wannan hanya ake bin sawunsu daga ƙasa zuwa ƙasa.

Rigimarsa da Masana

Lloyd ba mutum ne mai sanyin baki ba. A al'adar masana, in an rubuta sunan tsiro da Latinanci, akan biyo shi da sunan wanda ya raɗa shi. Lloyd ya tsani wannan al'ada ƙwarai. A ganinsa ita ce tushen ɓarnar, domin ta mai da ilmi wurin tallan kai. Mutum zai ɗauki abin da aka sani tuntuni, ya sauya masa suna ko ya mai da shi wani aji, ba don ya gano kome ba, sai don a riƙa rubuta sunansa a baya. Da yake mujallar tasa ce, ba editan da zai hana shi, sai ya riƙa sukar manyan farfesoshi da sunayensu, yana yi musu ba'a.

Har ma ya ƙago wani farfesa na ƙarya mai suna McGinty, wanda wai ba shi da aiki sai juya sunaye. Lloyd yakan buga sababbin sunaye da sunan wannan farfesa don ya nuna wautar abin. Wasa ya zama gaske, domin daga baya wasu masana sun ɗauki waɗansu daga cikin sunayen nan sun yi aiki da su.

Sai dai fa laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani. Shi kansa Lloyd ya raɗa sababbin sunaye fiye da 1,000, kuma da yawa daga cikinsu bayaninsu gajere ne, har waɗanda suka zo bayansa suka sha wahala wajen tantance su. A 1936 sai da wasu masana biyu, Stevenson da Cash, suka buga littafi guda don jera sunayen da ya raɗa kurum. Ra'ayinsa kuma bai yi nasara ba. Masana sun ci gaba da rubuta sunan mai raɗa suna, kuma suna da hujja, domin shi ke nuna wa mai bincike inda zai koma ya sami bayanin farko, musamman in mutum biyu sun ba abubuwa biyu suna iri ɗaya. Abin dariya, akwai wani aji na ƙaho mai ɗoyi, Pseudocolus, wanda Lloyd ya raɗa wa suna a 1907. Yau duk inda aka rubuta shi cikakke, sunan Lloyd ne ke biye da shi, watau abin da ya yi ta yaƙi da shi.

Ƙarshen Rayuwarsa

Lloyd bai yi aure ba. Dukiyarsa ta tafi ne wajen littattafai da samfurori da filaye. A duk tafiye-tafiyensa yakan sayo tsofaffin littattafan tsirrai da na magani, ya aika da su laburaren da shi da yayyensa suka kafa a Cincinnati, ya kuma bar masa dukiyar da za ta riƙe shi. Laburaren Lloyd yana nan har yanzu, masu bincike suna zuwa daga ko'ina. Ya sayi dazuzzuka a jihar New York ya keɓe su domin masu nazari na Jami'ar Cornell, ya kuma keɓe wani babban daji a Crittenden, inda ya yi ƙuruciya, don kada a sare shi.

A cikin dajin nan ne, a 1922, ya kafa wa kansa dutsen tunawa tun yana da rai. Rubutun da ya sa a jiki ba yabo ba ne. Ya yi wa kansa ba'a ne, yana nuna cewa shi ya kafa dutsen da kansa don son a san shi, kuma ba wanda ya damu da yawan kwanakin da ya yi a duniya. Mutumin da ya yi ta zargin wasu da son suna, ashe ya san shi ma bai kuɓuta ba.

A ƙarshe idanunsa suka raunana har ya kasa duba madubi, tilas ya ajiye aiki. A 1926 Jami'ar Cincinnati ta ba shi digirin girmamawa, shi da bai taɓa zama ɗalibin jami'a ba. Ya rasu ran 11 ga watan Nuwamba na wannan shekara, sanadiyyar ciwon sukari, yana da shekara 67.

Abin da Ya Bari

Samfurorin da ya tara sun kai kusan 60,000. Bayan rasuwarsa aka miƙa su ga Cibiyar Smithsonian, kuma suna ajiye a babbar ma'ajiyar gwamnatin Amurka ta dangin naman kaza da ke Beltsville, a jihar Maryland. Ilmi ya ci gaba bayansa. Yanzu masana suna gwada ƙwayoyin gado na abu don su san danginsa, kuma wannan gwaji ya gyara wasu ra'ayoyin zamanin Lloyd. Alal misali, wani bincike da aka buga a 2019 a kan masu raga na Birazil ya nuna cewa abin da aka daɗe ana ɗauka iri guda ne, ashe ire-ire ne daban-daban masu kama da juna. Amma duk mai irin wannan bincike tilas ya koma ga tsofaffin samfurori da 'yan takardun da ke manne da su. Bayanan irin takardun nan ne ake shigarwa cikin kwamfuta a yau, a fitar da taswirar da ke nuna inda kowane iri yake a duniya.

'Yan'uwana ɗalibai, ku dubi yadda al'amarin mutumin nan ya kasance. Zafafan maganganunsa sun wuce da zamaninsu, gardamar da ya yi a kan sunaye kuma bai ci ta ba. Abin da ya saura yana amfani shi ne aikin da ba wanda ke tafa wa mutum a kansa, watau duba abu da idonka, da ajiye shi da kyau, da rubuta wuri da rana ba tare da ƙari ko ragi ba. Wannan kuwa ba sai mai digiri ba, ba kuma sai mai kuɗi ba. Malaman makaranta da ma'aikatan gonar da suka riƙa aika masa da ƙunshi, kowannensu ya sa ɗigo guda a taswirar, kuma da yayyafi kogi kan cika. Saboda haka in damina ta faɗi, ɗayanmu ya ga wani baƙon abu ya ɓullo a gindin itace, kada ya sa ƙafa ya take, kada kuma ya kai baki, domin da yawa cikin dangin nan guba ne. Ya tsaya ya duba, ya zana shi ko ya ɗauki hotonsa, ya rubuta launinsa da wurin da ranar, sa'an nan ya kai wa malamin kimiyya. Ko da abin yana ɗoyi, a daure.